Sadakin Kwandon Tumatir

Muryarsa ta fara ganewa, tun kafin ta ɗaga kai ta dubi fuskarsa.

Ranar kasuwa ce a Funtuwa. Suwaiba ta kutsa layin 'yan hatsi riƙe da hannun 'yarta Inno, ta tsaya a wani shagon kayan noma, ta ce a ba ta buhun ajiyar wake mai leda uku.

"Bari in gyara miki, Hajiya," in ji mai shagon. "Ledar biyu ce. Buhun waje ne cikon na uku."

Ta tsaya cak. Wata huɗu ke nan tana jin wannan "bari in gyara" duk Lahadi, tana ji kamar ta zura hannu cikin waya ta shaƙe mai faɗinta. A ranta ta riga ta zana shi: wani dattijo mai tumbi da tabarau. Sai ga saurayi dogo, baƙi, biro saƙale a kunne, yana ta murmushi.

"Biyu ce ko goma ce, ka miƙo mini. Ba ni da lokaci."

Buhun ya suɓuce daga hannunsa. "Ikon Allah! Ba-ni-da-lokaci? Ke ce?"

"Ni ce, Malam Bari-in-gyara. Sai aka yi yaya?"

Ya yi dariya har ya dafa tebur. "Wallahi na ɗauka kin haifi kamata."

"Ni ma na ɗauka ka tara jikoki."

Gindin Tsamiya ne ya haɗa su, wani shiri da ake yi kai tsaye a waya. Duk Lahadi bayan la'asar, Manu mai gyaran waya kan kafa wayarsa a gindin tsamiyar bayan gidansu, ya buɗe zaure, mutane su yi ta shigowa daga Bakori da Ƙafur da Danja da Malumfashi, har da 'yan ci-rani na Legas. Hirar noma ake yi da kasuwa da zaman gida. Mai magana sai Manu ya hau da shi a ji muryarsa, sauran kuma su yi ta rubutu a ƙasa.

Zauren da al'adunsa, baƙo sai ya ɗauka taron mahaukata ne. Ba ka cewa uffan sai ka fara rubuta "na cire takalmi". In sabis ya ɗauke, kowa ya rubuta "akuya ta dawo", saboda wata rana akuyar maƙwabta ta tauna wa Manu caja ana tsakiyar shiri. In ka shara ƙarya, a yi maka ruwan hoton tumatir. Kowa da sunan da zaure ya raɗa masa, ba a kiran sunan yanka.

Babbar al'adar kuwa ita ce ta mako bakwai. Duk mutum biyun da suka jera Lahadi bakwai suna faɗa, Manu zai naɗa tawul a ka ya ɗaura musu auren wasa, sadaki kwandon tumatir, ya buga wa tsamiya silifa sau uku. Wanda bai son a kai shi nan, a mako na shida sai ya aika hoton farar tattabara, abokin faɗan ya mayar masa, shi ke nan an koma farko. Tsofaffin mata aka saba yi wa da samari, irin wasan kaka da jika. Mama Fibi, tsohuwar ungozomar Malumfashi mai jikoki goma sha ɗaya, mazanta huɗu a zauren.

Faɗan Suwaiba da Aƙilu, wato sunan mai shagon na gaskiya, a kan wake ya faro. Shi yana cewa akwai maganin ƙwari na sito da ba ya cutarwa in an bi ƙa'ida. Ita tana cewa wa ya taɓa ganin manomi ya tsaya karanta kwalba? Inno ta taɓa cin waken kasuwa ta kwana uku a asibiti da ƙarin ruwa, tun daga ranar Suwaiba ba ta sauraron wata ƙa'ida. Sau biyu suna kai mako shida suna musayar tattabara.

Ya tsuguna ya ba Inno dabino. "Wannan ce ta sha ƙarin ruwan?"

"Ita ce."

Ya daɗe yana kallon yarinyar. Da ya miƙe, ba dariya a fuskarsa. "To na daina gyara miki a kan wake."

Wannan maganar ce ta sa ta ba shi lambarta.

Kafin motarsu ta kai Malumfashi saƙo ya shigo.

"Na cire takalmi, na cire hula. Kun isa lafiya, Sarauniyar faɗa?"

Ta amsa: "Muna hanya. Ka mayar da hularka, akwai rana."

"Ranar da na gani yau a shago ta fi wannan zafi, kuma ban nemi inuwa ba."

Ta tura masa tumatir uku. Ta kife wayar a cinya, ta ga matar da ke kusa da ita tana kallon yadda take murmushi ita kaɗai.

Shekarar Suwaiba ashirin da huɗu. Mijinta Muhammad Sani, mutumin Maska, ya rasu a haɗarin mota Inno tana goye. Ta gama takaba ta dawo gidan mahaifinta Malam Adam, tana yin awara tana sarar wake. Masu neman aurenta ba su yanke ba, kan gaba kuwa Isah, ƙanin marigayi, wanda kullum maganarsa ɗaya: shi ya fi cancanta ya riƙe 'yar wansa. Ta faɗa masa tun farko, ƙani ta ɗauke shi, ƙani zai tsaya.

Zuwan Aƙilu zance na uku, suna zaure da hantsi, ta ajiye masa ruwa ta zauna ta gyara mayafi.

"Malamina, yau ba raha. Ka saurare ni."

"Kunnuwan duk naki ne, Uwar Inno."

"Ina sonka. Ka ji na faɗa, kada ka ce in maimaita. Amma a gidan su baban Inno, ranar da mace ta yi aure, ranar suke karɓe ɗansu. Tsohuwa, kakarta, ba ta da wani abu na marigayi sai yarinyar nan, sunanta ma aka mayar mata. Ni kuwa ba zan yi auren da zai raba ni da Inno ba, ko da wa."

"To me kike so in yi?"

"Ka yi shiru. Ka bar ni in je Maska bayan kaka, in lallaɓa ta da bakina. Kada ta ji a bakin kowa. A zauren Gindin Tsamiya kuma mu ci gaba da faɗanmu, kada a gane."

"Faɗa da ke? Wannan ai mai sauƙi ne, Gimbiya."

Suka ci gaba da faɗa duk Lahadi, a kan taki, a kan irin masara, a kan ko awara ta fi ƙosai. Suna gamawa sai ya rubuto: "Yau kin ji mini ciwo, zo ki yi jinya." Ita kuma: "Ka sha fanadol."

A mako na shida ta aika tattabararta kamar yadda aka saba. Ta jira. Sai ga tumatir ya mayar mata.

Zaure ya ɗauki shewa. "Saura ɗaya!" "Manu, a wanke tawul!" "Mama Fibi, an kusa ƙwace miki kambu!"

Ana rufe shiri ta kira shi. "Me kake nufi?"

"Haba, Sarauniya, wasa ne fa."

"Aƙilu, ni ba Mama Fibi ba ce. Ba ni da jika goma sha ɗaya da za su tsaya mini. Kada ka yarda a kai ni nan."

"Kwantar da hankalinki."

Ta ƙi shiga zaure Lahadin da ta biyo. A tunaninta, in ba ta nan ba faɗa, in ba faɗa ba mako na bakwai. Tana tsakar gida tana tace waken suya wayarta ta fara ƙara kamar za ta fashe. Ta goge hannu ta buɗe.

Ga Manu da tawul a ka. Ga Aƙilu a gefensa cikin babbar riga, ya ɗauko kwandon tumatir na gaske daga kasuwa. A kusurwar allo kuwa hotonta ne da ke kan shafinta, Inno a cinyarta.

"Amarya ta gudu don kunya," in ji Manu, "amma ango ya ce shirun ma faɗa ne. Na ba da auren Ba-ni-da-lokaci..."

"Bari in gyara," Aƙilu ya katse shi, yana washe baki. "Suwaiba Adam."

"Suwaiba Adam, ga Aƙilu!"

"Na karɓa!"

Silifa ta sauka a jikin tsamiya sau uku. Hotunan goro suka cika allo. Suwaiba ta tsaya da wayar a hannu, ruwan waken yana zuba a ƙasa ba ta sani ba. Sunanta na yanka. Sunan ubanta. Fuskar 'yarta. Gaban mutum ɗari shida.

Saƙonsa ya shigo: "Amaryata, kin gani? Na so duniya ta san ke na zaɓa."

Ta rubuta: "Abu ɗaya na roƙe ka."

Ranar Talata da safe keke napep ya tsaya a ƙofar gida. Tsohuwa ta fito tana dogara sanda, Isah na biye da ita da waya a hannu. A zaure ya kunna wa Malam Adam bidiyon. An yanke shi tsaf. Babu dariya, babu tumatir, babu silifa. Wani mai naɗi ya ba da aure, wani mai babbar riga ya karɓa, ga hoto ga suna. Bidiyon ya riga ya zaga guruf ɗin dangi na Maska tun jiya.

Aka kira Suwaiba. Ta durƙusa ta gaishe su, Tsohuwa ba ta amsa ba.

"Baba, wallahi wasa ne. Al'adar shirin ce, ban ma..."

"Wasa?" Malam Adam ya daka mata tsawa. "Da aure ake wasa? Ina raye, wani mai tawul ya ba da aurenki a waya? Jiya a masallaci har barka aka yi mini, ina ta kallon mutane kamar wawa!"

"Ban sani ba, Baba. Ba na ma wurin."

"Matar yaya," in ji Isah, murya a sanyaye, "kin san mutumin ko ba ki san shi ba?"

Ta sunkuyar da kai.

"To kin gani."

Tsohuwa ta buga sanda a ƙasa. "Ni ban san waya ba, ban san wasa ba. Abin da na sani, ta yi miji. Allah ya sa albarka. A ba ni takwarata."

"Tsohuwa, don Allah..."

"Jikata ba za ta tashi a hannun mai sa hotonta a kasuwa ba."

Suwaiba ta dubi mahaifinta. Kansa na ƙasa. Kunya ta gama kama shi, kunyar da ta fi masa kukan 'yarsa ƙarfi. "Ku tafi da ita," ya ce, "har a ga abin da Allah zai yi."

Inno tana shan koko aka ɗauke ta. Da farko ta ɗauka yawo za a je, har tana ɗaga hannu. Sai da napep ya tashi ta ga uwarta ba ta shigo ba, sannan ta tsala ihu. Suwaiba ta bi su da gudu ba takalmi har bakin titi, mata na leƙe ta katanga. Da ta dawo, ga kofin kokon nan rabi, da ɗuminsa.

"Wannan yaron," in ji Malam Adam, "kada ya ƙara tako mini ƙofar gida."

Suwaiba ta gyaɗa kai. A wannan ranar bakinsu ɗaya da Baba.

Aƙilu ya kira har ta daina ƙirgawa. Ya zo Malumfashi, Malam Adam ya kore shi tun daga bakin layi. Sai saƙonni.

"Suwaiba, na ji abin da ya faru. Wallahi ban yi tunanin zai kai haka ba."

"Ki yi mini magana ko zagi ne."

"Na yi kuskure, Sarauniyata. Son ki ne ya rufe mini ido."

Wannan na ƙarshen ta amsa: "Kada ka ɗora wa so. Dariyar zaure ka so, kuma ka samu. Ka iya gyara wa kowa magana, ni da na faɗa maka tawa dalla-dalla ka ƙi ji. Yau kwana uku ban san ko 'yata ta ci abinci ba. Ba ta cin tuwo sai an yayyanka mata ƙanana. Wa ya sani a can? Kai ka sani? Kada ka ƙara ce mini Sarauniya."

Ta je Maska ranar Asabar, Isah ya tare ƙofa. "Tsohuwa ta ce ba yanzu ba. Amma kin san hanya mai sauƙi, matar yaya. Ki dawo gidan nan, ga 'yarki ga ɗakinki."

"Ko kai kaɗai ka rage namiji a Maska," ta ce, ta juya. Ta ji muryar Inno daga ciki, ta cije leɓe har ta hau babur.

Lahadi bayan la'asar ta buɗe Gindin Tsamiya. Ana ta raha, ana tambayar ina amarya. Ta danna neman hawa. Manu ya hau da ita yana tafi.

"Jama'a, ga amaryar..."

"Manu, rufe mini baki."

Rubutu ya fara gudu a ƙasa: "Takalmi!" "Ba ta cire takalmi ba!" "Amarya, a bi doka!"

"Ba zan cire ba. Da takalmina zan taka muku tabarma yau. Ku kun yi dariya kun kashe waya kun ci tuwonku. Ni ranar Talata aka zo har gida aka ɗauke mini 'ya, yarinya 'yar shekara huɗu, saboda auren da kuka ɗaura mini ba na nan. Wa ya ba ku hotonta? Manu, kai nake tambaya. Dokar zaure ta ce ba a kiran sunan yanka. Takalmi kun iya tunawa, wannan kun manta? Mutum ɗari shida, ba wanda ya ce ku tsaya, matar nan ba ta amince ba, ta aiko da tattabara kuna gani. Kun san ni bazawara ce. Kun san garinmu. Kun san abin da bidiyo yake yi wa mace in ya fita. Wanda na yarda da shi kuma shi ya ɗauko kwando. Ba tumatir ba ne a cikin kwandon nan, mutuncina ne kuka raba kowa ya ɗiba."

Muryarta ta karye.

"Ba na son haƙurinku. 'Yata nake so."

Tunda aka kafa zauren ba a taɓa ganin rubutu ya tsaya ba sai ranar. Manu ya cire hula ya rasa inda zai ajiye ta.

Sai wata murya mai kauri ta hau. Mama Fibi ce.

"'Yata, ni ma na aika goro ranar, Allah ya yafe mini. Faɗa mini, wa ya kai bidiyon?"

"Ƙanin mijina. Isah, na Maska."

"Isah na Maska? Mai babur ja, mai wushirya?" Ta yi wata dariya mara daɗi. "Ai mijina ne na uku. Ɗan-Maska muke ce masa. Bara aka ɗaura mana, har gida ya zo ya karɓi kwandonsa, wai ni ce zan biya. Shi ne zai ce bai san wasa ba ne? Manu, nemo bidiyon. Gobe da safe Maska."

Washegari su huɗu suka sauka a ƙofar gidan Tsohuwa: Suwaiba da Mama Fibi da Manu da Aƙilu. Suwaiba ba ta dubi Aƙilu ba tun daga tasha. Ya rame, ya bar gemu ba gyara.

Mama Fibi ta yi sallama ta shige kai tsaye. "Ina surukata? Ga amaryar ɗanki ta zo gaisuwa, shekara guda bai kawo ni ba!"

Tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa, mace mai furfura kamar ita. Aka kunna mata bidiyo biyu cikakku, na Isah da na Aƙilu. Ta ga ɗanta yana ihun "Na karɓa!" ga wannan tsohuwar, ta ga silifa, ta ga tumatir. Ta sa aka maimaita mata. Sannan ta juya.

"Isah. Ka san wannan shirmen?"

"Tsohuwa, ai ni..."

"Ka sani ka ɗauke ni da ciwon gwiwa har Malumfashi, na je na ci mutuncin surukina? Fita ka ba ni wuri, mara kunya."

Inno ta fito daga ɗaki. Ta ga uwarta, ba ta yi gudu ba, ta tako a hankali ta cusa kai cikin mayafinta ta ƙanƙame. Yarinyar ta rame sosai. Suwaiba ta shafa bayanta tana jin ƙasusuwa, wani sabon fushi ya taso mata har wuya.

"Ba ta ci," in ji Tsohuwa, murya ƙasa-ƙasa. "Na yi na yi." Sai ta gyara zama, fuskarta ta sake tsukewa. "Na ji, wasa ne. Amma ni ba yarinya ba ce. Wannan dogon da ke raɓe a bakin ƙofa, aurensa za ki yi. Yau ko gobe maganar ɗaya ce."

Suwaiba ta share hawaye. "Tsohuwa, da bakina na so in zo in faɗa miki bayan kaka, shi ya ɓata. Yanzu ma ban ce zan aure shi ba. Amma in tambaye ki. Tunda na koma Malumfashi, sau nawa kike ganin Inno a shekara?"

"Sallah da sallah."

"Sau biyu. Daga Funtuwa zuwa nan tafiyar babur ce. In ma auren ne, kusa zai kawo miki ita. In kin riƙe ta kuma, ga yadda ta koma a kwana shida. Ke uwa ce. An raba ki da naki, ba yadda za ki yi. Ni ina raye."

Tsohuwa ta daɗe tana murza carbi. "Kai, shigo."

Aƙilu ya shigo ya durƙusa nesa.

"Ni tsorona ɗaya. Ɗana ya tafi bai bar komai ba sai wannan. Gobe a kai ta makaranta a rubuta sunanka, jibi ta manta hanyar Maska, shi ke nan kamar ba a yi shi ba."

"Tsohuwa, ban isa in yi alkawari a ɗauka ba, don na saɓa wanda na yi wa uwarta. Laifin nan duk nawa ne, ta gargaɗe ni na ƙi ji. Amma ko ta aure ni ko ba ta aure ni ba, sunan uban Inno Muhammad Sani, ba mai goge shi. In kuma Allah ya sa ta yafe mini, duk Juma'a ni zan kawo miki ita da kaina. Ranar da na fasa ba dalili, ki aiko a ɗauke ta."

"A'a," Suwaiba ta katse shi da zafi. "Ba ka da ikon sa 'yata a cikin rantsuwarka. Ranar da ka fasa, ni zan kawo ta. Kai kuma ka san inda za ka kwana."

Mama Fibi ta tafa hannu. Tsohuwa ta dubi Suwaiba, bakinta ya motsa kamar za ta yi dariya ta danne.

"Ɗauki 'yarki," ta ce. "Ki ba ta abinci tun a nan, in gani."

Wata biyu Suwaiba ba ta amsa saƙonsa ba. Ya goge bidiyon, ya bi duk wanda ya san ya ɗauka ya roƙa a goge. Gindin Tsamiya ya kafa sabuwar doka: ba hoto, ba suna, ba auren wasa sai mutum ya hau da muryarsa ya ce ya yarda. Aƙilu ya turo baffanninsa wurin Malam Adam sau uku, ana sallamarsu a tsaye. A na huɗu aka shimfiɗa musu tabarma, don Tsohuwa ta aiko da saƙo cewa yaron ya san laifinsa, kuma ita ba ta da ja.

Ranar ya rubuto: "Ba na neman ki manta. Izini nake nema in zo in zauna a zauren gidanku, ko ba za ki fito ba."

Ta bar saƙon har ta gama suyar awara, ta wanke kasko, ta yi wa Inno wanka. Sannan ta amsa: "Ka zo. Zan fito. Amma ka sani ban huce duka ba."

"Wanda ya rage ki taho da shi gidana, Uwar Inno. Ni na jawo shi, ni zan yi dakonsa."

Bayan an gama girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Adam, da waliyyi da shaidu da sadaki, ba wanda ya ɗaga waya sai da aka tambayi amarya. Da la'asar aka kai ta Funtuwa, Inno kuwa tun ana gobe ɗaurin aure tana Maska wurin kakarta.

Mata sun fara watsewa sai ga sallamar Tsohuwa. Tana dogara sanda da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da Inno, wata mata na biye da ita da ƙaramar katifa sabuwa a ka. Suwaiba ta miƙe tsaye da lulluɓinta.

"Zauna, amarya ba ta tashi," in ji Tsohuwa. "A gidanmu ba a taɓa yin haka ba. Mu karɓa muka sani. Yau ni na kawo."

Ta sa aka kira ango. Ta kama hannun Inno ta ɗora a na uwarta, ta kamo na Aƙilu ta ɗora a sama, ta danne duka da nata.

"Ga amana nan, ku biyu. Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya sa ka zama inuwa gare su. Allah ya raya mini takwara a ɗakin nan, ya ba ta ƙanne masu albarka. Allah ya ji ƙan wanda ya riga mu."

Aƙilu ya amsa, mata suka amsa. Suwaiba ta buɗe baki, kuka ya riga ta. Ta jawo Inno ta zaunar a cinyarta a kan gadon amarci, ta rungume ta sosai, sannan muryarta ta fito.

"Amin, Tsohuwa. Amin."